Farautar Dilan Amurka da Dare: Ana Kashe Dubbai, Me Ya Sa Ba Ya Raguwa?

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Hoto ne dishi-dishi kamar na tsohuwar talabijin, ga wata dabba fara fat tana sassarfa a fili, ga alamar saitin bindiga tana biye da ita. Ta ɗan tsaya ta ɗaga kai, sai kawai a ga ta ɓingire. A ƙarƙashin bidiyon kuwa mutanenmu suna ta gardama. Wannan ya ce kura ce, wancan ya ce kyarkeci ne, wani ya rantse karnukan mutane ne Turawa ke bindigewa don nishaɗi. Wani kuma tambayarsa ɗaya ce tak: ci suke yi?

Sunan dabbar koyoti, kuma galibin waɗannan bidiyoyi daga Amurka suke fitowa. Ba kasafai ake cin namansa ba. Ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne ana kashe sama da 400,000 a kowace shekara a ƙasar. An fi shekara 100 ana yaƙarsa da guba da tarko da jiragen sama, yanzu kuma ga na'urorin da ke ganinsa cikin baƙin duhu. Duk da haka, yau ya mamaye ƙasar da kakanninsa ba su taɓa takawa ba. To yaya ake wannan farauta, wa take amfana, kuma me ya sa kisan bai rage shi ba?

## Wane ne koyoti?

Bahaushe ya san ɗan'uwansa. Idan ka taɓa ganin dila a bayan gari da magariba, ka ga kamannin koyoti, illa dai na Amurka ya fi girma. Dangi ɗaya ne su da kare da kyarkeci. Yana da siririn baki, kunnuwa a tsaye, jela mai gashi da yake saukarwa ƙasa in yana gudu. Nauyinsa yakan kama daga kilo 9 zuwa 20. Na gabashin ƙasar sun fi na yamma jiki, domin a hanyarsu ta zuwa can sun yi barbara da kyarketai, har da karnuka kaɗan. Sunan ma ba na Ingilishi ba ne, daga harshen Nahuwatal na mutanen Aztek na Meksiko aka aro shi. Saboda sauƙi, daga nan zan riƙa ce masa dila.

Wani abin sha'awa, yadda muke ce wa namu malamin daji, haka ƙabilu da dama na asalin Amurka suka ba nasu matsayin sarkin wayo a tatsuniyoyinsu, kusan irin rawar da Gizo ke takawa a namu.

Abincinsa ba ya da zaɓi: ɓera, zomo, ƙwari, 'ya'yan itace, mushe, 'ya'yan barewa, in ya samu sarari kuma ɗan rago ko ɗan maraƙi ko kyanwar gida. Amma abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne tsarin zamansa, domin duk gardamar da za ta zo a gaba a kansa ta rataya. Namiji da mace guda ne ke riƙe yanki, su ne masu gida, kuma yawanci macen nan ita kaɗai ke haihuwa a cikin ayarin. Sauran ko dai 'ya'yansu ne da ba su tashi ba tukuna, ko kuma 'yan gararamba marasa yanki, masu ratsa gefe-gefe suna jiran wuri ya samu.

## Yaƙin da ya fi shekara ɗari

Asali dila ɗan filayen ciyawa ne da hamadar yammaci da tsakiyar Amurka ta Arewa. Turawa da suka kutsa yamma da garkunan tumaki da shanu a ƙarni na 19 suka ɗauke shi abokin gaba, shi da kyarkeci. Gwamnatin tarayya ta shiga yaƙin gadan-gadan, kuma a 1931 Shugaba Herbert Hoover ya sa hannu a dokar da ta ba ma'aikatar noma ikon kawar da dabbobin da ke yi wa kiwo ɓarna. Aka riƙa barbaɗa guba a mushe ana zubarwa a daji. Gubar ba ta san dila ba, ba ta san mikiya ko karen makiyayi ba, duk wanda ya ci ya tafi. Sai a 1972 Shugaba Richard Nixon ya hana amfani da irin wannan guba a filayen gwamnatin tarayya.

Kyarkeci bai jure ba, an share shi daga kusan duk faɗin ƙasar. Dila kuwa gaba ta kai shi. Babban mai kashe shi a daji shi ne kyarkeci, ga shi an kawar masa da shi kyauta. An sare dazuzzukan gabas an mai da su gonaki, wato irin buɗaɗɗen filin da yake so. Sai ya nausa gabas da arewa da kudu. Yau akwai shi a kowace jiha ta Amurka ban da Hawai. Yana cikin birnin Chikago, inda Farfesa Stanley Gehrt na Jami'ar Jihar Ohayo ke bibiyarsa tun shekarar 2000. An gan shi a tsakiyar birnin New York, kuma ta kudu har ya tsallaka mashigin ruwan Panama. Da aka mai da kyarketai gandun dajin Yellowstone a 1995, cikin 'yan shekaru diloli suka ragu da kusan rabi a sashen arewacin gandun. Wannan kaɗai ya nuna wanda ke iya taka masa birki.

Har gobe gwamnati ba ta ajiye makami ba. Sashen kula da ɓarnar namun daji na ma'aikatar noma yana kashe diloli wajen 60,000 a shekara, da yawa daga cikinsu daga jirgi mai saukar ungulu ko ƙaramin jirgin sama ake harbe su. Sauran adadin, wanda shi ne mafi yawa, aikin mafarauta ne da masu ɗana tarko da masu gandun kiwo.

## Me ya kai mafarauci daji da dare?

Dila ya koyi darasi. Inda ake harbinsa ko mutane suka yi yawa, yakan mai da harkokinsa dare. Da rana yana kwance cikin duhuwa, kuma ko ya ji kira yakan tsaya daga nesa ya ƙare wa wurin kallo. Da dare kuwa yana fitowa fili ba shakka, domin a saninsa duhu rigarsa ce. A gabashin ƙasar, inda gonaki ke da ƙanƙanta kuma dazuzzuka suka kewaye su, mafarauci na iya wuni bai ga ko jela ba, amma da dare ya ga uku a gona ɗaya.

Kuma farautar ba irin tamu ba ce ta fita ƙwai da ƙwarƙwata da karnuka da gora ana kora. Akwai masu kora da karnuka a wasu jihohi, amma farautar dare ta zama ce. Mafarauci ya zauna wuri guda ya yaudari dila ya kawo kansa.

## Kayan aiki

Na farko shi ne abin kira. Na da ɗan bututu ne kamar usur da ake busawa da baki, yana fitar da kukan zomon da aka kama. Har yanzu tsofaffin hannu na alfahari da shi. Amma abin da ya cika kasuwa shi ne lasifika mai batir da ake sarrafawa da rimot, irin na kamfanin FoxPro na jihar Pensilbeniya, wadda aka cika da sautuka barkatai: kukan zomo, tsuwwar ɓera, kukan ɗan barewa, kukan dila mace mai neman namiji, kurarin namiji mai neman faɗa, da kukan ɗan kwikwiyon da ya ji ciwo. Amfaninta shi ne ana ajiye ta nesa da mai bindiga, hankalin dabbar ya tafi can.

Na biyu shi ne abin gani, kuma nan ne aka samu juyin da ya haifar da bidiyoyin da muke kallo. Hawa uku ne. Mafi araha ita ce fitila mai jan gilashi ko kore. Ana haska fili da ita a hankali ana neman ƙyallin ido, kamar yadda maharbanmu ke yi da fitilar goshi. Jan haske bai cika razana dila ba, kuma gwanaye ba sa dalla masa tsakiyar hasken, da gefensa suke riƙe shi har ya matso. Sai madubin gani cikin duhu, wanda ke tattara ɗan hasken taurari ko na wata fitilar da idon mutum ba ya gani, ya fito da hoto. Da shi ana iya tantance siffar dabba sosai, amma sai ka san inda take tukuna. Na uku shi ne madubin zafin jiki. Wannan ba ruwansa da haske sam. Ɗumin jikin dabba yake karantawa, ya nuna ta fara a kan ƙasa mai sanyi, ko da tana nesa da ɗaruruwan mitoci, ko da ciyawa ta ɗan rufe ta. Asalinsa kayan soja ne. Yanzu farashinsa ya sauko, ana samu daga wajen dala 1,000, masu kyau kuma su haura dala 5,000. Yawancin masu abin hannu sukan riƙe biyu, ƙarami a hannu don leƙe, babba a kan bindiga, domin ba a yarda mutum ya riƙa wulwula bakin bindiga cikin duhu yana neman abin harbi ba.

Madubin zafin nan yana da aibi, kuma babba ne. Yana nuna maka akwai mai rai, amma ba ya nuna launi ko abin wuya. Daga nesa, dila da karen maƙwabci da ɗan maraƙin da ke kwance duk farin tabo ne. Za mu dawo kan wannan.

Bindigar kuwa ƙaramar raifil ce mai harsashi mara nauyi mai tsananin gudu, irin su .223 da .22-250 da .243. Dalili biyu ne: harsashin yana tafiya miƙe, abin da ke da muhimmanci da dare inda kintata nisa ke da wuya, sannan ba ya yaga fatar da yawa. Inda daji ya yi kauri ana amfani da bindiga mai watsa ƙwayoyin dalma, wadda aikinta bai wuce mita 40 zuwa 50 ba. Sai sanda mai ƙafa uku da ake ɗora bindigar a kai a yi harbi a tsaye, da abin rage ƙara a jihohin da suka halatta shi, da batira na ajiya, domin sanyin can yana shanye caji kamar me.

## Zama ɗaya a bakin gona

Mu ɗauka dare ne na watan Janairu a jihar Kansas. Mutum biyu sun ɓoye motarsu a bayan tudu, sun tura ƙofofin a hankali ba su buga ba. Kafin komai sai da suka duba inda iska ke kaɗawa, domin hancin dila ya fi idonsa da kunnensa. Suka taka 'yan ɗaruruwan mitoci ba magana, suka tsaya inda iska ke bugun kumatunsu daga gefe, kuma suna iya ganin filin da warinsu ke tafiya. Ɗaya ya je ya ajiye lasifikar kamar taku 50 a gabansu ya dawo.

An fara kukan zomo ƙasa-ƙasa, don kada a firgita wanda ke kusa. Minti biyu, aka yi shiru. Aka sake, da ɗan ƙarfi. Mai leƙe yana juyawa a hankali kamar fanka, madubi a ido. Shanu ne can, zomo ne nan. Wajen minti na tara sai ga farin ɗigo ya ɓullo daga bakin rafi.

Dilan da bai taɓa shan wuya ba yakan taho kai tsaye a guje. Wanda ya taɓa jin ƙarar bindiga bayan kukan zomo kuwa ba ya haka. Yana zuwa kamar mita 200 sai ya fara kewaye, yana neman ya koma bayan iska ya sansano abin da ke kukan kafin ya matso. Idan ya kai inda warin mutum ke bi, shi ke nan, ya ɓace, kuma gobe ko an kwana ana kira ba zai zo ba. Mafarauta na ce wa irinsa wanda ya yi karatu. Saboda haka dole a tsayar da shi kafin ya kai layin iskar. Mai bindiga yakan yi ɗan haushi da baki, dilan ya ja birki ya waiwaya, daƙiƙa biyu ko uku ke nan. Bayan harbin ba a tashi. Sai a kunna kukan kwikwiyo, domin sau da yawa abokin tafiyarsa na nan kusa kuma yakan dawo dubawa. Idan minti 20 zuwa 30 suka wuce ba labari, a naɗe kaya a yi gaba kilomita biyu ko uku, a sake zama. Da yawan zaman nan haka suke ƙarewa ba a ga komai ba. Su ne ba a sa wa a bidiyo.

## Lokaci: na dare da na shekara

A cikin dare, sa'o'in farko bayan faɗuwar rana da na gab da asuba ne aka fi yabawa. Iska mai ƙarfi ɓata dare take yi, tana kwashe sautin kira kuma dabbobin sukan lafe. Dare mai tsananin sanyi wanda iska ta kwanta ya fi, domin yunwa na cizo, sauti na tafiya nesa, kuma bambancin ɗumin dabba da ƙasa ya fi fitowa a madubi. Farin wata kuwa ana gardama a kansa. Mai madubin zafi ya fi son duhu, domin a farin wata dila na hango mutum tsaye a fili. Amma a jihohin arewa, in wata ya cika kuma dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa, wasu na harbi da madubi na yau da kullum ba fitila ba komai.

Lokacin shekara ne ya fi muhimmanci, kuma yana bin rayuwar dabbar. A Oktoba da Nuwamba 'ya'yan bana ke barin iyayensu su shiga duniya. Ba su da wayo, su ne suka fi saurin amsa kira. Daga Nuwamba zuwa Janairu gashin ya cika ya yi laushi, lokacin masu neman fata ke nan. Daga ƙarshen Janairu zuwa Maris ake barbara, kukan zomo ya rage tasiri, sai a koma kiran da ke tsokano kishi da kare yanki. Ciki kwana 63 ne ko kusa da haka, saboda haka a Afrilu da Mayu ake haihuwa a rami, 'ya'ya biyar ko shida a yawancin lokuta.

A nan ne lissafin ya fara karkacewa. Farauta ta fi daɗi kuma ta fi yawan kisa a hunturu. Ɓarnar da makiyayi ke kuka da ita kuwa ta fi tsanani a bazararsu, lokacin da tumaki ke da ƙananan 'ya'ya, dila kuma ke da bakuna shida a rami suna jiran nama.

## Doka: kowace jiha da nata

Babu doka ɗaya ga ƙasar duka. A Teksas ana farautar dila dare da rana duk shekara a filin mai zaman kansa da izinin mai shi, ba iyaka ga adadi. Kansas sai a 2021 ta buɗe ƙofar amfani da fitila da madubin dare, a lokacin daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Maris, da wata takardar izini ta musamman. Maƙwabciyarta Misuri ita ma a shekarar ta fara, da watannin Fabrairu da Maris. Dalilin ɗari-ɗarin hukumomi shi ne tsoron kada masu satar harbin barewa su fake da sunan dila, shi ya sa ake kauce wa lokacin farautar barewa. Jihar New York na buɗe nata daga Oktoba zuwa ƙarshen Maris. A Michigan an halatta duk shekara a 2016, sai a 2024 hukumar albarkatun ƙasa ta jihar ta rufe daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Yuli don kada a bar 'ya'ya marayu su mutu a rami, ƙungiyoyin mafarauta kuma suka garzaya kotu. Dokokin na sauyawa kusan kowace shekara.

## To, kisan yana rage su?

A wuri ƙarami, na ɗan lokaci, yana ragewa. A faɗin ƙasa kuwa aikin baban giwa ne. Tun 1975 wasu masana biyu na Jami'ar Kalifoniya, Connolly da Longhurst, suka yi lissafin cewa sai an riƙa kashe kashi 75 cikin 100 kowace shekara, ba fashi, na sama da shekara 50, kafin a ga bayansu. Babu jihar da ta taɓa kusantar haka.

Dalilin yana cikin tsarin zaman da muka ambata. In aka kashe masu gida, cikin makonni 'yan gararamba sun cike gurbin. In aka rage yawansu, abinci ya wadata ga waɗanda suka saura, mace ta haifi da yawa, 'ya'yan da a da yunwa ke kashewa su rayu, 'yan matan da a da ba sa samun damar haihuwa su fara tun suna shekara guda. A 2024 wani bincike da masanan Jami'ar New Hampshire suka jagoranta, da kyamarorin daji sama da 4,500 a faɗin ƙasar, ya gano diloli sun fi yawa a wuraren da aka halatta farautarsu.

Jihar Yuta ta gwada kuɗi. A 2012 ta fara biyan dala 50 kan kowane dila, mutum ya kawo muƙamuƙin ƙasa da fatar kai mai kunnuwa biyu, da nufin ƙara yawan barewa. Amma wani dogon bincike a maƙwabciyarta Idaho, wanda aka wallafa a 2011, ya nuna cire diloli bai ƙara yawan barewa a ƙarshe ba. Tsananin hunturu da abinci ne ke yanke hukunci.

## Kukan makiyayi

Kada wannan ya sa a raina asarar mai kiwo. Ƙididdigar ma'aikatar noma ta nuna cikin tumakin da namun daji ke kashewa, sama da rabi aikin dila ne, haka ma maruƙa. Gaskiya ne a ɓangaren shanu cuta da wahalar haihuwa da yanayi sun fi namun daji kisa nesa ba kusa ba. Amma alƙaluman ƙasa ba sa lallashin mutumin da ya fito da safe ya tarar da 'yan raguna huɗu a yashe, an farke cikinsu. Duk wanda ya taɓa kiwo, ko da akuya uku ce a bayan ɗaki, ya san wannan zafin.

Abin da bincike ya nuna shi ne ba kowane dila ne ɓarawon tumaki ba. A tashar binciken Hopland ta Kalifoniya, a shekarun 1990, an gano yawancin kisan masu gida ne ke yi, wato ma'auratan da yankinsu ya haɗa da makiyaya, kuma yawan dilolin da aka kashe barkatai bai da alaƙa da raguwar asara. In aka cire ainihin mai laifin, ɓarna ta tsaya na wasu watanni. A Wayomin an ga cewa ko 'ya'yan kawai aka ɗauke daga rami, iyayen sukan kusan daina taɓa tumaki. A Yuta an yi wa wasu ayari aikin hana haihuwa aka sake su, suka ci gaba da tsare yankinsu daga baƙi, kisan 'yan raguna kuma ya ragu ƙwarai. Akwai dai wani bincike na 1999 a Yuta da Idaho da ya samu raguwar asara inda aka yi harbi daga jirgi a hunturu kafin a hau da tumaki duwatsu, kuma masu goyon bayan kisan riga-kafi da shi suke kafa hujja.

A ganina, wanda ya zauna da madubin zafi a bakin garke cikin Afrilu yana jiran dilan da ya yi kisa jiya, aikin makiyayi yake yi, kuma na'urar ta dace da aikin fiye da guba ko tarko. Wanda ya cika bayan mota da 'ya'yan bana a Nuwamba kuwa wasansa yake yi. Doka ta ba shi dama, amma in ya ce taimakon makiyayi yake, akwai tambaya. Yana ma iya kashe ma'auratan da ba su taɓa ɗanɗana rago ba, ya buɗe wa wanda ya saba wuri.

## Fata, gasa, da harbin kuskure

A da fata na biyan kuɗin mai da harsashi. Wajen 2019 fatar dilan yamma mai gashi sosai takan kai dala 100, saboda ana ƙawata hular rigunan sanyi da ita. A 2021 kamfanin Canada Goose, wanda ke cikin manyan masu saye, ya sanar zai daina amfani da gashin dabba, kasuwar ta faɗi warwas. Yanzu da yawa ba sa ma wahalar feɗewa.

Wannan ya ƙara wa masu adawa ƙarfi, musamman kan gasar kisa, inda ake taruwa a ƙarshen mako a ba da kyauta ga wanda ya fi tara gawa. Kalifoniya ta hana ba da irin wannan kyauta a 2014, Bamont ta haramta gasar a 2018, New Meksiko da Arizona a 2019, gwamnar New York ta sa hannu a tata dokar a ƙarshen 2023. Har cikin mafarauta akwai masu ƙyamar gasar, suna cewa tana ɓata musu suna. Masu kare ta kuma na cewa mutanen birni ne ke yi wa ƙauye doka a kan abin da ba su sani ba. Su ma mutanen birnin suna da nasu tsoron, na karnuka ƙanana da kyanwoyi da ke ɓacewa a unguwanni. Kisan mutum dai abu ne mai wuyar gaske: biyu aka tabbatar, wata yarinya 'yar shekara 3 a Glendale ta Kalifoniya a 1981, da wata budurwa 'yar shekara 19 a gandun dajin Cape Breton na Kanada a 2009.

Sai aibin madubin zafi da na ce za mu dawo kansa. Ko da rana ma ana kuskure: a Disambar 2014 wani maharbi a Yuta ya bindige wata kyarkeciya da ta yi suna saboda ganinta da aka yi a bakin kwazazzabon Grand Canyon, ya ce ya zaci dila ce. A Karolina ta Arewa, inda ragowar jan kyarkeci na daji kaɗai a duniya suke, an halatta harbin dila da dare a 2012, aka fara tsintar gawar jan kyarkeci, har kotu ta shiga aka hana farautar dare a gundumomi biyar. A Janairun 2024 wani mafarauci a gundumar Calhoun ta kudancin Michigan ya harbe abin da ya ɗauka ƙaton dila ne. Da aka ɗora a sikeli, kilo 38. Gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar kyarkeci ne, a yankin da aka fi shekara 100 ba a ga irinsa ba.

Shi ya sa masu kiwo da yawa suka daina dogara da bindiga kaɗai. Wasu na killace tumaki da dare lokacin haihuwa, su kewaye da waya mai lantarki, su kwashe mushe don kada wari ya jawo baƙi. Wasu sun koma ga manyan karnukan gadi irin na tsaunukan Faransa da na Turkiyya, waɗanda ake sa su cikin garke tun suna kwiyakwiyi har su ɗauki kansu tumaki. A ƙananan gonaki kuma akwai masu sa jaki guda ɗaya tal, domin jaki ya tsani duk wani dangin kare, zai bi shi da cizo da harbi har ya fice daga shinge. Sharaɗin dai shi ne kada a sa biyu. In suka zama biyu sai su haɗa kai su yi kiwonsu can gefe, su bar tumakin da dila.